Masuncin Indabo a Bakin Teku

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil ba ya zuwa teku. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa a kudancin birnin Kano su zama ɗaya, ya ratsa Wudil, ya bi ta Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru. Abin da rana da gonaki suka rage sai ya haɗu da ruwan Jama'are, ya gangara ta Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi, tafkin kuwa ba shi da mafita. Don haka mutum zai iya tsufa yana jefa birgi a wannan kogi bai taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba. Iyakar abin da ke iso masa daga teku shi ne kifin ƙanƙara, taitus da sadin da ake saukewa a kwali, waɗanda galibinsu ma ba a tekun Nijeriya aka kamo su ba. Gwamnati kan ce ƙasar na bukatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa wajen sulusin haka ne, shi ya sa jirage ke ta kawo shi daga irin su Norway da Holan da Rasha.

Cikin masu jefa birgin nan akwai wani dattijo mutumin Indabo, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Wudil. Da damina manomi ne. In an kai amfani rumbu sai ya saɓa komarsa ya nufi kogi, sana'ar da ya gada wajen kakansa. Ɗan ƙanwarsa ya daɗe a Legas. Da gadi ya fara a Ikoyi, daga baya maigidansa ya mai da shi yaron jirgi, don ya lura ba ya tsoron ruwa kuma ya iya ɗaurin ƙugiya. Shi ne ya yi ta damun dattijon a waya: "Kawu, ka zo ka ga inda masu kuɗi ke biya don su yi aikin da kake yi ka ci abinci."

Aka bari sai hunturu, lokacin da tekun wannan gaɓa ke lafawa. Daga Yuni zuwa Satumba igiyar ruwa kan yi ƙarfin da ko waɗanda aka haifa a bakinsa sai sun yi shawara kafin su fita.

Tafiyar ta faɗo ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, wadda karar shanunta ke cikin mafiya girma a Arewa. Tun da hantsi tireloli ke jere a gefen titin Kano zuwa Maiduguri ana loda musu shanun Kudu, kuma wanda ya san direba ba ya rasa wurin zama. Kafin a gama lodi dattijon ya gangara bakin kogi ya yi sallama da abokan sana'a. Wasu na janye kallin da suka shimfiɗa tun dare, wasu na gyaran mamari, masu yashi na cika kwale-kwale har bakinsa, masu suya kuma na jiran matafiya a kusa da gada.

Kogin da ya bari ba shi ne wanda kakansa ya sani ba. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai cikin ciyawa. Da rani kuma ya janye ya bar gurabe masu zurfi, gari ya fito da koma da gora a yi su na gayya. Tiga da madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, sun sa ruwa ba ya yankewa duk shekara, amma ambaliyar da ke ciyar da kifi ta ragu. A ƙasa, wajen Haɗeja da Nguru, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A sama kuma dattin masana'antun jima na Kano yana zuba cikin Challawa. Har yau ana samun tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da ragon ruwa, amma ƙaton giwan ruwa ya fi yawa a bakin tsofaffi fiye da cikin taru. Kuma a nan, in ka cire yara masu fatsa da tana, ba mai zuwa ruwa don nishaɗi. Babba in ya shiga kogi, cefane ya fito nema.

Hanyar ta haura kilomita 1,000: Zariya, Kaduna, Lambata, Bida, Mokwa, ga shingayen jami'ai, ga tsayawa a ta da saniyar da ta kwanta kada 'yan'uwanta su tattake ta. A Jebba ya fara ganin ruwan da ya fi nasa, Kogin Kwara, wanda Sarkawan Kabi da Yawuri suka bi suka bazu. Daga nan Ilori, Ogbomosho, Badun, har mayankar Oko-Oba ta Agege, unguwar da Hausawa suka kafu tun zamanin fataucin goro. Can yaron ya tarye shi.

Daga saman gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, ya hango Makoko: gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi na tashi, kwale-kwale na kai-komo tsakanin gidajen. Mutanen Egun ne mafi yawan masuntan wurin. Wani ya miƙe a kan ƙaramin jirginsa ya murɗa jiki ya saki birgi, ya buɗe zagaye ya faɗa ruwa. Dattijon ya gyaɗa kai, don wannan jifa ko a Wudil sai gwani. Ya tambaya ko tekun ke nan. Yaron ya yi dariya ya ce wannan tafkin Legas ne, ruwansa gauraye ne, da damina ya yi daɗi, da rani ya yi zartsi. Tekun na gaba.

Su na bakin teku suka fara da shi. Sun hau jirgin haya daga Marina zuwa Tarkwa Bay, gaɓar da babu titin mota zuwa gare ta. Wuri ne da ya ga tashin hankali: a Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazaunansa bisa zargin fasa bututun mai. Amma masu yawon shaƙatawa da masu fatsa ba su daina zuwa ba. Abin da ke jawo masu fatsa shi ne dogayen ganuwoyin dutse guda biyu da suka miƙe cikin teku a bakin mashigar tashar jiragen Legas. Turawan mulkin mallaka ne suka gina su a farkon ƙarni na 20 da duwatsun da aka yi ta ɗaukowa a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta, don hana yashi toshe wa manyan jirage hanya. Ganuwar ta tare yashin da igiya ke turawa gabas, ya taru a ɓangaren yamma, ɓangaren gabas kuma teku ya yi ta cinye Bar Beach har aka cike wurin aka kafa Eko Atlantic. Kifi bai san wannan tarihi ba. Shi dai ya samu kogunan dutse da zai fake, ga ƙaguwa da jatan lande, ga ƙananan kifaye da ruwa ke korowa ta mashigar.

Azahar ta same su a can. Dattijon ya san malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, don haka ya tsuguna ya ɗiba. Kurkurar baki ta farko ya furzar yana salati. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35, kuma a ƙarshen wuni ya ga shaidarsa: fari-fari a gefen wandonsa, da tsatsa da ta fara kama ƙugiyoyin da ya zo da su daga gida. Shi ya sa masu fatsar teku ba sa kwanciya sai sun ɗauraye kayansu da ruwan famfo.

Abin da ya fi ɗaure masa kai ya zo bayan salla. Ya ajiye takalmansa a kan busasshen dutse, nesa da ruwa. Ana cikin hira sai ga ruwa yana lasar su. A Wudil kogi ba ya ƙaruwa banza: ko an yi ruwan sama a kudu, ko an buɗe ƙofofin Tiga, kuma zai zo ja wur da karare da kumfa. Nan kuwa babu hadari, babu canjin launi, ruwa kawai yake hawa. A mashigar ma ruwan da ɗazu yake fita zuwa teku yanzu ya juyo yana shiga gari. Yaron ya buɗe waya ya nuna masa jadawali. Teku kan cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. A Legas bambancin cika da janyewa wajen mita ɗaya ne, amma ya isa ya sauya komai, don manyan kifaye sun fi cin koto lokacin da ruwa ke tafiya, in ya tsaya cak su ma su yi shiru.

Da aka ce masa wata ne ke jan ruwan, sai lissafin ya zo masa da sauƙi fiye da yadda ya zo wa masu waya. Mutum ne da bai taɓa ɓata kwanan wata ba, don da shi yake azumi, da shi yake sanin daren da kifi zai ga kalli ya kauce. Cika mafi ƙarfi na zuwa wajen tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15, lokacin da rana da wata suka ja ta layi ɗaya. Wajen 7 da 22 kuwa ruwan ya yi sanyin jiki. Kafin la'asar ya riga ya fara faɗa wa yaron yadda ruwan jibi zai kasance ba tare da an duba komai ba.

A kan duwatsun akwai masu fatsa iri-iri: ma'aikatan ofis da suka zo huta gajiyar mako, 'yan Lebanon da Indiya mazauna Legas, da samarin gaɓar masu zare naɗe a jikin gwangwani, waɗanda su abinci suke nema. Kayan masu nishaɗin ba su yi kama da fatsar gida ba. Sandar ta kai mita 4, tana lanƙwasa ba ta karyewa, a gindinta akwai injin naɗe zare, a bakin zaren darma mai nauyin giram 100 ko fiye don kada igiya ta dawo da koto bakin gaɓa. Mai jifa kan juya baya ga ruwa, ya kai sandar baya, ya wulwulo ta bisa kansa ya saki zaren da yatsa a daidai lokacin, darmar ta tafi mita 80 ko 100. Dattijon ya gwada, zaren ya cukurkuɗe a cikin injin, samari suka yi ta dariya. Amma da aka zo sa koto sai dariya ta koma kallo. Ya ɓare jatan lande, ya zura ƙugiya ta wutsiya ya bi da ita har ta ɓace cikin naman, ya bar tsininta kaɗai a waje. Da aka jefa masa, bai kalli kan sandar ba yadda sauran ke yi. Ya ɗora yatsa a kan zaren ya kau da kai. Ya bar igiya ta ja ta saki, ya bar ƙaguwa ta yi ta tsakura, sai da ya ji wani ja mai nauyi sau biyu a jere sannan ya fizga.

Kuroka ne, kifi fari mai sheƙi da Legas ke gasawa a kowane lungu. Da aka ɗora shi kan dutse ya shiga gurnani, dattijon ya ce ashe teku ma na da kurungunsa. Sai dai kurungu da ƙayar gefensa yake kuka, kuroka kuwa da tsokar da ke kaɗa jakar iskar cikinsa.

Ranar fita da jirgi aka tashi bayan asuba. Jirgin maigidan fari ne mai inji biyu, da rumfa, da akwatin ƙanƙara, da sanduna jere a baya. Kafin a kunce igiya aka miƙa wa kowa rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 2008, ta wajabta sa ta ga duk mai hawa jirgi. Dattijon ya so ya ce shi da ya iya iyo tun yana yaro ba ya bukata, sai ya tuna Bagwai, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam na Watari da 'yan makarantar Islamiyya, aka rasa aƙalla mutum 29. Ya sa rigar ya ɗaure.

Tsakanin ganuwoyin biyu jirgin ya wuce ta gefen wani jirgin dakon kaya da sai an ɗaga kai ake ganin samansa. Suna fita daga mashigar teku ya karɓe su. Igiyar kogi gajera ce, ta mari jirgi ta wuce. Ta teku doguwa ce, ta ɗaga jirgin a hankali ta sauke shi a hankali, ba ta fasawa. Mutumin da ya shekara da shekaru a tsaye kan kwale-kwale sai ga shi zaune yana haɗa gumi, zuciya na tashi. Yaron ya ba shi ɗanyar citta ya ce, "Kawu, kada ka kalli ƙasan jirgi, kalli can inda sama ta haɗu da ruwa." Sai da rana ta ɗaga sannan ya dawo hayyacinsa.

A kusa da gaɓa manyan kwale-kwalen katako masu inji, na Ilaje da na 'yan Ghana, suna dawowa daga kwanan teku. Dokar kamun kifin teku ta 1992 ta keɓe musu mil 5 na farko daga gaɓa, wajen kilomita 9, ta hana jiragen kamfani masu jan taru shiga, ko da yake ƙananan masunta sun daɗe suna kukan ana keta musu iyaka da dare. Can gaba kuma akwai abin da ya fi taru haɗari: a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da 'yan fashin teku suka sace a duniya, 130 a Mashigin Gini aka ɗauke su. Abin ya ragu sosai daga 2021, amma har yanzu masu fita nishaɗi kan bar labarin inda suka nufa da lokacin dawowarsu.

Su a jirgi na tafiya ne, ba na zama ba. Aka saki zaruruwa a bayan jirgin, kowanne da kifin roba mai launi wanda ke rawa in an ja shi, jirgin na tafe a hankali. A gaban matuƙi akwai na'urar da ke aika sauti ƙasa ta zana zurfin ruwa da garken kifi a allo. Dattijon ya kalle ta ya kalli sama, ya nuna wa yaron tsuntsaye da ke faɗawa ruwa can gefe. Matuƙin ma can ya nufa. Inda tsuntsu ke su, manyan kifaye ne suka koro ƙanana sama, a Wudil da nan duk ɗaya.

Ba su gama kewaya wurin ba injin sanda ɗaya ya ɗauki ƙara, kamar keken tela ana jibi Salla. Barakuda ce, doguwa siririya mai haƙora a waje, wadda saboda ita ake ɗaura guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya, in ba haka ba ta datse shi da cizo ɗaya. Wanda ya taɓa cire tsage daga kalli ba a gaya masa ya janye yatsunsa. Aka buge ta a ka, aka sa a ƙanƙara.

Wajen kilomita 30 daga gaɓar Legas ƙasan teku ke zarcewa ƙasa, ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi mai duhu. Nan ne mazaunin tuna da malin, kifin nan mai dogon baki mai tsini, wanda saboda shi masu kuɗi ke ƙona man da zai kai tirela Kano. Maigidan ya yi ta ba da labari, yaron na fassarawa. Akwai ƙungiya a Florida ta Amurka, IGFA, wadda tun 1939 take rubuta kifi mafi girma da aka kama da sanda, da sharuɗɗa masu tsauri: mutum ɗaya ne zai yi fama da kifin, in wani ya taɓa sandar an ɓata. Malin mafi girma na Atlantika a littafinta kilo 636 ne, an kama shi a Vitoria ta Brazil a 1992. Giwan ruwa ma na ciki, mai kilo 104, daga Tafkin Nasser na Masar a 2000. Dattijon ya ce to ai na Argungu na 2020 kilo 78 ne, kuma da hannu da koma aka rungumo shi, ba da inji ba. Ranar dai malin bai zo ba. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Abin da zai zama labari ya jira su a hanyar dawowa. Sun iso bakin mashigar da yamma ruwa na shiga, daidai yadda dattijon ya lissafa. Aka kashe inji, aka sa ɗanyen kifi mai rai a ƙugiya aka bar shi ya bi ruwa. Can wani abu ya juya a saman ruwan, bayansa ya yi walƙiya. Tafon ne, kifin da ke leƙowa ya haɗiyi iska yadda bargi ke yi. Zaren maigidan ya miƙe, sai ga kifi ya yi tsalle ya fito gaba ɗaya, tsawon mutum, fari fat, yana kaɗa kai marfin kunnuwansa na ƙara. Duk sanda ya yi tsalle maigidan ya sunkuyar da sandar ya sassauta, don in zare ya yi tauri a lokacin nan tsinkewa zai yi. In kifin ya nutsa ya ja, a bar shi ya ja, injin na sakin zare da nauyi. In ya huta, a ɗaga sanda a naɗe abin da aka samu. Haka aka yi ta yi har rigar maigidan ta jiƙe sharkaf. Irin wannan kifi a wannan gaɓa ta Afirka ta Yamma yake kai ƙarshen girmansa: mafi girma a littafin IGFA, mai kilo 130, a Rubane ta Gini Bisau aka kama shi a 2003.

Da kifin ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, dattijon ya miƙe yana neman abin da zai soke shi da shi. Yaron ya riƙe masa hannu. Aka sa safar hannu aka kama leɓen kifin na ƙasa, aka zare ƙugiya, wadda da ma mai lanƙwasa ce da ke kama gefen baki ba ta shiga ciki. Aka ɗauki hoto. Aka riƙe shi cikin ruwa jirgi na tafiya a hankali har ya farfaɗo, ya kaɗa wutsiya ya tafi.

"Yaro, me na gani haka?" in ji dattijon. "Abincin gida goma ne fa ya tafi."

Gardamar ta kai su har tasha. Shi a ganinsa Allah ya hore wa mutum abin da ke cikin ruwa don ya ci, kuma wahalar da dabba ba don ci ba abu ne da zai so ya ji ta bakin malamai. Maigidan, wanda ke ce masa Baba, ya ce tafon kan yi shekaru kafin ya fara haihuwa, yana iya rayuwa shekara 50, kuma manyan galibi mata ne masu ɗauke da miliyoyin ƙwai. In kowane jirgi ya kashe wanda ya kama, 'ya'yansa ba za su ga ko ɗaya ba. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mutumin kogi. Ya san Sarkin Ruwa kan hana shiga gurbi sai ranar da aka buɗe shi. Ya san kogin Matan Fada na Argungu a rufe yake duk shekara saboda bikin kamun kifin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Ya kuma ga abin da taru mai ƙananan ido da zuba gamalin suka yi wa kogunan Arewa. Ya yarda a bar kifi ya hayayyafa. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a kama shi tukuna a gajiyar da shi sannan a ce an yi masa alheri. Maigidan ya yi dariya ya ce ko a Turai akwai masu wannan ra'ayi. Ba wanda ya ja wani zuwa ɓangarensa.

Barakudar kuwa ba a sake ta ba. Maigidan ya bar musu ita, suka kai Obalende wajen 'yan'uwa, aka yanka gunduwa-gunduwa aka soya da yaji. Hukuncin dattijon shi ne naman na da tauri da daɗi, ba ƙaya, amma ba zai yi romon da tarwaɗa ke yi ba. Kafin ya nemi motar Kano ya sa yaron ya kai shi cikin kasuwar Legas, ya sayi ƙugiyoyin da ba sa tsatsa, da ƙullin zare mai ƙarfi, da kifin roba guda biyu, ɗaya ja da fari, ɗaya ruwan azurfa. Sandar mai inji ya taya ya ji kuɗinta ya kai na tunkiya, ya ajiye. Ya ce gora da hannunsa sun ishe shi, kuma akwai wani abokinsa mai kwale-kwale a Tiga da suka daɗe suna musu kan ko giwan ruwa zai bi abin da ba shi da rai.